Karen da Ya Ƙi Bin Tumaki

Ranar kasuwar garin Laruns da ke gindin tsauni, tsoho Firmin yana yanka cukun nonon tumaki sai wata mata ta tsaya gaban teburinsa, riƙe da igiyar ƙaton farin kare, irin mai gadin garke a tsauni.

"Baba, ka san mai son kare? Sayarwa zan yi."

"Wannan ƙaton? Me ya yi miki?"

"Ba ya aiki. Na kai shi tsauni da tumaki, sai ya biyo ni gida. Kyarkeci ya ci min raguna biyu, shi yana kwance a ƙofar ɗakina."

"Da yana ɗan kwikwiyo, ina yake kwana?"

"A garke mana."

Firmin ya dube ta kawai.

"To, a ɗakin girki. Ai ka san sanyin bara. Kuma a watan maigidana ya rasu, gidan ya yi shiru da yawa."

"Shi ke nan. Irinsu cikin 'yan raguna ake ajiye su tun suna ƙanana, ba shafawa, ba lallashi. Wanda suka tashi da shi, shi za su tsare har mutuwa."

Ya miƙa mata ɗanɗanon cuku. Nan take karen ya shiga tsakaninsu yana gurnani.

"Kin gani? Baiwar Allah, karenki ba malalaci ba ne. Tunkiya ɗaya gare shi, ke ce."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ƙara naɗe igiyar a hannunta.

"Lallai Baba, da sassafe ka zage ni! Yanko min rabin kilo. Ka bar ɓawon, nasa ne."