Jan Farce a Kan Ƙwan Fitila

A layin biyan kuɗi na wani kantin kayan lantarki a Duluth, wani dattijo mai suna Orval yana ta ɓoye yatsunsa da suka yi jawur. Matar da ke bayansa ta riga ta gani.

"Bawan Allah, yankewa ka yi?"

"Ina ma! Jan farce ne. Ƙwayayen fitilar falona na shafe da shi."

"A kan ƙwai mai zafi? Ai ƙonewa zai yi!"

"Ina kike jiya, baiwar Allah? Shekara tara da rasuwar matata, sai jiya na gayyato wata cin abinci. Na ce a jan haske ba za ta ga tamojin fuskata ba. Muna fara shan miya hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana."

"Ta gudu ke nan?"

"Ina! A bakin titi ta yi ta dariya har da hawaye. Ran Lahadi ma za ta dawo."

"Wane launi za ka shafa kuma?"

"Ta ce in sa fari tas. Wai tana so ta ga ainihin abin da ta kwaso."