Funfunar Masara a Huhun Maigidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Hajara daga Changli.

Maigidana Malam Issahaku masara yake sayarwa. Ya daɗe yana tari, kowa ya ce tibi ne, wato tarin fuka, har na ware masa kwano, mu da muka saba ci tare. Daga nan cinsa ya ragu.

A asibiti dokita ya ce ba tibi ba ne, funfunar buhunan masara ce ta kama masa huhu, kuma ba zai sa wa kowa ba. Ya ce a ƙasashen waje ana gwada ɗibar sojojin jinin mutum, a horar da su su yaƙi funfunar. Nan take na miƙa hannu na ce, "Ɗebi nawa!" Dokita ya yi dariya, ya ce har yanzu gwaji ne, Malam ya ci gaba da shan magani.

Masanan da ke cikin shirin nan, yaushe wannan magani zai iso Tamale? Ina gaida 'yan kasuwar hatsi, don Allah ku riƙa rufe hanci. Malam, na san kana ji ta rediyo a rumfa. Ka dawo da wuri, yau kwanonmu ɗaya.