Ƙofar da Na Kulle a Aliero

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rahila, ina aji uku a jami'a can Aliero. Na tsaya gabanku yau domin Ubangiji ya fid da ni daga tsoro, tsoron da saura kaɗan ya raba ni da karatu.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce. Ina ƙarama aka yi rikici a garinmu, na ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Tun daga nan zuciyata ta yanke cewa tsakanina da Musulmi sai dai gaisuwa daga nesa.

Sai ga shi ban samu ɗakin kwana a makaranta ba. Kawuna da ke aiki nan Jega ya kama mini haya a cikin gari, gidan wata tsohuwa, Inna Ige, wadda 'ya'yanta duk manoman albasa ne. Ranar da na tare, na ga buhunan albasa a zaure, na ji kiran salla daf da tagata, sai na nufi kasuwa. Na sayi kwaɗo babba, wai ni mai dabara.

Ashe a gidan, baƙo ba ya ɗora tukunya sai ya zauna da gindinsa. Da yamma Inna takan kawo tuwon gero da kanta, ta ajiye a ƙofata. Ni kuwa tana juya baya sai in mayar da kwanon, ko buɗewa ban yi ba. Ban san mayar da abinci haka cin fuska ne a nan ba. Da safe matan gida suna gaisawa ɗaki ɗaki, ni ina ciki na yi shiru kamar babu kowa.

'Yan'uwa, kaɗaici ciwo ne! Biskit da garin kwaki suka zama abincina, na rame, karatu ya daina shiga. Abu ɗaya ya rage mini: da safe ina rera waƙar yabo ƙasa ƙasa, don kada wani ya ji. Daga baya na haɗa kayana, na ce jarrabawa ko oho, gida zan koma.

Kafin in tafi zazzaɓi ya kwantar da ni. Ƙofa a kulle, waya babu caji, ko ruwa na kasa tashi in ɗiba. A nan na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ubangiji, ni na rufe kaina. Ka aiko mini da wani naka."

Wani naka na ce, kun ji? A zuciyata Kirista nake nufi.

Da hantsi aka buga ƙofa. Muryar Inna ce.

"Ɗiyata, lahiya? Kwana biyu ban jiya waƙarki ba. Mi as same ki?"

Ashe tana ji! Duk ɓoyon da nake yi, tana zaune bakin murhu tana saurare. Da rarrafe na je na buɗe. Ta taɓa goshina ta ce, "Subhanallahi! Ɗiyag ga wuta ta kai. Ku kira mai babur ɗan kabu-kabu maza!"

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaya wa zai zauna da ni. Inna ta ce, "Ni, uwatta." Matar ta dubi sunana a kati, ta dubi hijabin Inna, ta yi murmushi kawai.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne da na ji tana ce wa babban ɗanta, "Tahi Jega ka biɗo mutanenta na coci, su zo su yi mata irin tasu addu'a. Ita ta hi sanin ta." Wasu cikinku ku ne kuka zo, kun gan ta a gefen gadona tana fifita mini kunu.

Na yi kuka, na roƙe ta gafara. Ta ce, "Ke dai sha. Tsoro na, na gane tun ranar da kiz zaka."

Ban ce tsoron ya tafi rana ɗaya ba. Har yanzu in na ji hayaniya a titi gabana yakan faɗi. Amma na kwance kayana, na rubuta jarrabawa, ga ni har aji uku a gidan nan.

Kuma yau da safe barci ya so ya ɗauke ni, sai na ji Inna tana buga ƙofa: "Rahila, tashi! Yau Lahadi ta, kada ki makara coci."

Haleluya! Godiya ta tabbata ga Ubangiji. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, in kuma kun roƙa, kada ku zaɓa masa wanda zai aiko. Amin.