Sai Na Ga Ɗakinsa

A layin ofishin biza a Bankok, Lamyai ta lura matar da ke gabanta har masu gadi sun san ta.

"Ƙanwata, ba yau kika fara zuwa ba ke nan?"

"Masu ba da bizar sun sha koro ni, Yaya. Da sun ji ta kamfanin haɗa aure muka san juna da Bajamushen da ke nemana, sai su ce in na shiga Jamus ba zan dawo ba."

"Ki aure shi a nan mana! Bizar matar aure ta fi sauƙi. Ni haka na yi."

"In auri mutumin da ban ga ɗakinsa ba?"

"Za ki tsufa a layin nan."

"Uwarsa ma ta gaji da jira, ta hawo jirgi." Ta nuna wata tsohuwar Baturiya a bakin titi, tana cin kwaɗon ɗanyar gwanda, barkono na sa ta hawaye.

"Lallashinki ta zo yi?"

"Ina! Cewa ta yi kada in kuskura in sa hannu a takardar aure sai na ga ɗakin nan da idona."

Lamyai ta murza zoben yatsanta. "Ƙanwata, ko ba ki auri ɗan ba, ki riƙe uwar."