Ƙwayoyin Da Na Cusa a Tsagar Bango

'Yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Sunana Hannatu, daga wani ƙauye kusa da Burumburum, ina aji huɗu. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta a takarda. Ku yi haƙuri idan muryata ta yi ƙasa.

Ina da farfaɗiya. Yawancinku kun sani, ko da ba ku taɓa faɗa a gabana ba. Kafin ta kayar da ni nakan ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina, kamar na tsotsi ƙusa. Daga nan ban san komai ba sai na farka, mutane sun yi da'ira nesa da ni.

Da aka kawo ni makaranta, Malam Ishaya na ɗakin magani ya ba ni wata ƙaramar farar ƙwaya, ya ce kullum in sha. Faɗuwar ta tsaya. Amma barci ya zo a madadinta. Malamarmu tana koyar da lissafi, kaina yana kan allo. 'Yan aji suka sa mini suna Sarauniyar Gyangyaɗi. Wata 'yar ajinmu, Talatu, takan ce, "Ranki ya daɗe, a kawo matashi ne?"

A gidanmu kuwa, in an ba ka jiƙo, kwana bakwai za ka sha ka zubar da saura. Na ƙirga na ga na wuce wata biyar lafiya. Sai na ce ai na warke. Ban gaya wa kowa ba. Kullum in karɓi ƙwayar in cusa ta a wata tsaga ta bango, bayan tabarmata. Na lura ko tururuwa ba ta taɓa su.

Ranar girkinmu ina durƙushe ina hura wuta, sai na ji ƙarfen nan a bakina.

An ce hannuna na dama ya faɗa cikin murhu. 'Yan mata suka watse, domin an gaya musu wanda yawuna ya taɓa zai kamu. Talatu ce ta dawo. Da muciya ta ture hannuna daga garwashin. Ban ji haushinta ba, amma har yau ina tuna cewa muciya ce.

Malama ta aika a kira Baba. Ta ce ba za ta iya riƙe yarinyar da magani ya gagara ba. Baba ya iso da ƙafa, ƙayar ƙarangiya cike da bakin wandonsa. Ya dubi hannuna ya ce, "Tattara kayanki, mu tafi gida."

Kafin mu tafi aka kai ni wankin ciwo. Malam Ishaya ya shiga ciki ɗauko bandeji, ni kaɗai a kan benci. Na rufe ido na ce, "Yesu, ba na son in bar makaranta. Na yi ƙarya, kuma ina jin tsoron faɗi. Ka buɗe mini baki." Da Malam ya dawo, na gaya masa komai, ina kallon ƙasa.

Ya ajiye bandejin a kan benci. Sannan ya ce, "Hannatu, bangon ne yake da farfaɗiya?"

Ya kira Baba da Malama. Ya ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kamar walƙiya ce ke tashi a ciki, ba iskoki ba ne, kuma ba a ɗaukarsa a yawu. Maganin ba ya kashe shi, riƙe shi yake yi, ranar da aka saki sai ya taso. Ya ce masu binciken magunguna a Turai sun yi ta gwada iri-iri har sun samo wanda yake riƙe faɗuwa ba tare da wannan barcin ba, kuma zai rubuta wa likita a Kano.

Baba ya ce, "Malam, har ta mutu ke nan tana haɗiyar ƙwaya?"

Malam ya ce, "Kai ma har ka mutu kana haɗiyar tuwo."

Malama ta yarda in zauna zuwa hutun kaka. Idan na sake faɗuwa kafin nan, gida.

Sabon maganin ya zo. Yana kumbura mini dasashi, yatsuna biyu da suka ƙone kuma sun ƙi miƙewa, da hagu na rubuta wannan. Wasu har yanzu sukan janye ƙafa idan na zo wucewa. Amma ban faɗi ba, kuma ina jin lissafi daga farko har ƙarshe. Kullum da safe a gaban Malama nake haɗiye ƙwayar, in buɗe baki ta duba.

Na gode wa Ubangiji da ya fitar da ni daga wuta, ya kuma fitar da ni daga ƙaryata. Mai irin ciwona, ya dogara ga Yesu, ya sha maganinsa, kada ya ɓoye. Saura mako uku a yi hutu. Ku sa ni a addu'a. Amin.