Ranar da Baba Ya Yarda Ya Hau Jirgin Sama

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Daga Aziziyya, Jidda, nake rubutowa, kuma abin da na gani kawai zan faɗa.

Mahaifinmu ya kusa tamanin. Ya yi sojan ruwa, sannan ya zama injiniyan jirgin sama a filin Jidda, da aikin ya rene mu duka. Amma bai taɓa hawa jirgin ba. Cewa yake, "Ni da na san kusoshin da ke riƙe da fiffike?"

Watan jiya aka bugo waya daga Sudan, yayarsa tana kwance tana kiransa. Ya ce sai jirgin ruwa. Na ce, "Baba, rai na Allah ne, amma jirgin ruwa sai wani mako."

Sai ya ce, "Halas, yalla," wato shi ke nan, mu tafi.

A filin ya zagaya jirgin, ya shafa taya yadda ya saba, ya yi bisimilla ya hau. Alhamdu lillahi, mun same ta da rai. Ta ce, "Kai, matsoraci, ta sama ka zo?" Ya ce, "Ta sama, Yaya!"

A gaishe min da tsofaffin abokan aikinsa na unguwar Khumra da suka ce ba zai iya ba. Wallahi ya hau.