Bakin Alƙalamin Magini

Ya mai girma shugaban taro, malamarmu mai haƙuri, iyaye da 'yan'uwa, da ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci masu furfura irin tawa, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka zaɓe ni in yi magana a madadin aji, ko da yake na san tsufa kuka duba, ba ƙoƙari ba. Maganata biyu ce.

Ta farko: shekara arba'in ina gini, shekara arba'in ina dangwala yatsa. Na gina ofis, na dawo na dangwala a cikinsa, kai a sunkuye. Da malama ta ce ranar karɓar takardar shaida kowa zai rubuta sunansa a rajista da hannunsa, sai na je wurin masu gwanjo na sayi alƙalami mai shan tawada, na hannu, baƙi, murfinsa duk ya koɗe. Kwana uku kafin yau na zauna gwaji, na danna, bakin ya wage gida biyu, tawada ta malale a takarda. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce wannan hannu na bulo ne, ranar taro zan fake da ciwon baya.

Mai ɗakina ce ta kora ni wurin mai gyaran agogo na bakin layinmu. Ya saƙala gilashi a ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya yi ta lallaɓa ƙarfen har tsagin ya haɗe. Amma bai sallame ni ba. Ya ce, "Baba, rubuta in gani." Ina kamawa ya riƙe mini hannu.

"Kai, Baba! Ai har yanzu dangwalawa kake yi. In za ka yi shafen ƙarshe a bango, haka kake danne cokalin gini?"

Na ce, "Haba, ai sai in ɓata aiki."

Ya ce, "To haka za ka bi da shi. Kuma ka sani, sau ɗaya wannan bakin ke karɓar gyara. In ya sake lanƙwasa, karyewa zai yi."

Ta biyu kuwa kira ne ga sa'o'ina da ke tsaye a baya suna leƙe. Kada ku ce hannu ya tsufa, kada ku ce hannu ya yi kanta. Sannu ba ta hana zuwa. Hannun da ya iya sana'a ya riga ya san laushi, tuna masa kawai za a yi.

Allah ya saka wa malamarmu, ya ƙara wa mai gyaran agogo hasken ido, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu a kawo rajistar. Zan rubuta a hankali, ku yi haƙuri ku jira ni.

Na gode, na gode ƙwarai.